Sai na canja suna kafin Allah ya albarkace ni?

Salama gare ku, 'yan'uwa. Tun makon jiya tambaya ɗaya ke shigo mana: an ce sunana ne ya ɗaure ni, in canja? Wata 'yar'uwa ma ta ce sunanta Ajuji, kunya take ji a kira ta da shi a majami'a.

Mu bi waɗanda aka canja wa suna a Littafi Mai Tsarki da sauri. Abram ya zama Ibrahim yana ɗan shekara 99. Saraya ta zama Saratu. Siman, Yesu ya kira shi Kefas, wato Bitrus. Bulus kuwa ku cire shi daga jerin: a Ayyukan Manzanni 13:9 sunaye biyu gare shi, Shawulu na Yahudawa, Bulus na Romawa.

To, ga inda ake tuntuɓe. Mu je rafin Yabbok, a ƙasar Jodan ta yau. Farawa 32. Dare ne, Yakubu shi kaɗai, wansa Isuwa na tafe da mutum 400. Wani ya kama shi da kokawa har asuba. Yakubu ya ce ba zai sake shi ba sai ya sa masa albarka. Sai aka tambaye shi: yaya sunanka?

Mu dakata nan. Mai tambayar ya san sunan sarai. Shekara 20 kafin wannan dare, mahaifinsa Ishaku, tsoho, idonsa ba ya gani, ya tambayi wannan ɗan ko shi wane ne. Yakubu, da fatar akuya a hannuwansa, ya ce shi Isuwa ne. Da sunan wani ya karɓi albarkar mahaifinsa. Yau babu fata, babu uwar da za ta shirya masa dabara. Ya buɗe baki ya ce: Yakubu. Ma'ana, mai kama diddige, wanda wansa ya ce sau biyu ya yaudare shi. Ya amsa halinsa da bakinsa, sannan aka ce masa Isra'ila. Wannan matakin muke tsallakewa mu ruga neman sabon suna, kuma yana damuna ƙwarai. Gari ya waye, ga shi nan yana ɗingishi, ya nufi wan da ya cuta.

Sunan kirkin da Karin Magana 22:1 ya fifita a kan dukiya, shaidar mutane ce: mai awon da ba ya tauye mudu, telan da ke mayar da ragowar yadi.

Yabez kuma, a 1 Tarihi 4, uwarsa ta raɗa masa sunan azaba saboda wuyar haihuwa. Yana ɗauke da wannan sunan ya yi addu'a, Allah ya amsa.

'Yar'uwa Ajuji, uwar da ta binne 'ya'ya ce kan sa wannan suna, tana roƙon wannan ta tsaya mata. Ga ki nan, kin tsaya. Idan mahaifiyarki na raye, ki je ki tambaye ta labarin ranar sunanki.