Kan Sarki da Haƙƙin Wasiƙa: Laccar da Aka Gabatar a Agege

An yi wannan lacca ne a Agege, Legas, bayan sallar La'asar, a gaban 'yan kasuwa da ɗalibai. Mai maganar dattijo ne da ya daɗe yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. An rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, dattawan unguwa, 'yan uwana 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu da ke can baya, barkanku da yamma. Allah ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama.

Da na shigo, wani yaro ya tare ni a ƙofa ya ce, "Baba, wa ke aika wasiƙa yanzu, ga waya a hannun kowa?" Tambayarsa tana kan hanya. Gaisuwa ta koma waya, sanarwar suna da ɗaurin aure duk sun koma waya. To me ya rage a ambulan? Takardar shaidar makaranta ta asali, takardar kotu, takardun fansho, takardar fili. Wato masu nauyin ne suka rage, waɗanda in sun ɓace mutum zai yi shekara yana zirga-zirga. Shi ya sa na ga yau ta fi jiya buƙatar a san yadda ake manna kan sarki.

Ku bar ni in fara da sunan. A Ingila aka fara shi, a shekarar 1840, bisa shawarar wani mutum mai suna Rowland Hill. Kafin nan, wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta. Ku duba wannan: kana zaune, a kawo maka takarda daga nesa, a ce sai ka biya kafin ka buɗe. Talaka da yawa sai ya ce a mayar. Hill ya ce a juya abin, mai aikawa ya biya tun farko, a manna masa 'yar takarda shaida. Na farkon baƙi ne, kwabo ɗaya, da hoton Sarauniya Biktoriya.

Nan Ikko, wato Legas, ta samu nata a 1874. Arewa sai 1900. Bayan rasuwar sarauniyar a 1901 aka shiga buga kan Sarki Edward, daga baya Sarki George na biyar, wanda hotonsa ne a kan na farko da ya ɗauki sunan Nijeriya a 1914, shekarar da aka haɗa Kudu da Arewa. Kakanninmu da suka biyo jirgin ƙasa suka sauka Agege fataucin goro, abin da suka gani a jikin ambulan ke nan, kan wani sarki babu gangar jiki, suka ce kan sarki. Sarauniya Elizabeth ta hau a 1952, ba mu sauya suna ba. Aka sami 'yanci a 1960, hotuna suka koma na namun dajinmu da shugabanninmu, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, har yau kan sarki muke cewa. Ni wannan suna yana burge ni, domin yana ɗauke da tarihin da yaranmu ba su karanta ba.

To, ma'anarsa guda ce: kuɗin motar wasiƙarka ne. Kamar yadda ba za ka ɗora huhun goro a tirela zuwa Kano ka biya kuɗin ƙwarya ɗaya ba, haka wasiƙa. Abu biyu ke yanke kuɗinta, nauyinta da inda za ta. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mutum ya sayi kan sarki guda tun bara ya ajiye a aljihun babbar riga, yau ya fito da shi ya manna wa ambulan mai takarda goma, ya jefa a akwati, ya tafi yana ganin ya gama. Bai gama ba. Farar takardar nan da ake buga rubutu a kai, kowace ɗaya tana kai giram 5. A ƙasashe da dama matakin farko na kuɗin wasiƙa giram 20 ne. Takarda uku da ambulan sun kusa cinye shi. Ka ƙara hoto, ka ƙara kwafin shaidar haihuwa, ka haura mataki na gaba ba ka sani ba. Kuma farashi yana tashi kamar yadda komai ke tashi. Don haka kada ka yi kirdado. Miƙa ambulan a kanta, a ɗora a sikeli, ma'aikaci ya faɗa maka kuɗin ranar. In wanda ke hannunka bai kai ba, ƙara wani a gefensa, ana haɗa kuɗinsu ne.

Wasiƙar da kuɗinta bai cika ba, ko a dawo maka da ita, ko a nemi cikon a hannun wanda ka aika wa. Ka ga mun koma zamanin kafin 1840, ka ɗora wa ɗan uwanka kayan da kai ya kamata ka ɗauka. Wannan ni a wurina ba kuskure ne kawai ba, akwai haƙƙi a ciki.

Sai wurin mannawa. Gaban ambulan, sama, kusurwar dama. Ba baya ba, ba bakin ambulan ba. Na sha ganin wanda ke rufe bakin ambulan da kan sarki wai don kada a buɗe. Aikin gam ne wannan. Dalilin kusurwar dama shi ne, mai buga hatimi yana da ɗaruruwan wasiƙu a gabansa, hannunsa ya san wuri guda, injin ma wuri guda yake dubawa. In naka yana baya, an ware ta gefe ke nan, ita da tafiya sai an waiwaye ta. In guda biyu ne ko uku, jera su gefe da gefe, kada wani ya hau kan wani ya rufe adadin kuɗin. Ka ɗan jiƙa bayansa kaɗan da ruwa a yatsa, ka danna. Kada ka tsoma shi, gam ɗin zai wanke.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, salatif. Wallahi na ga abin tausayi a kan wannan. Wani bawan Allah mai sayar da goro, ba zan kama suna ba, zai aika takardun ɗansa wata makaranta a Arewa. Saboda tsananin son abin ya isa lafiya, ya manna kan sarki ya bi shi da salatif ya lulluɓe tsaf. Ban gani ba sai da ta dawo masa, ranar rufe karɓa ta wuce. Ya zauna a bencina ya yi shiru, ni ma na rasa abin cewa. Shi gani yake ya ƙarfafa shi. Alhali hatimin gidan waya dole ya zauna a jikin takardar kan sarkin, ya kashe shi, don kada a sake amfani da shi. Tawada ba ta kama salatif, da yatsa ma sai ka goge. Wanda ba za a iya kashewa ba, ba za a karɓe shi ba.

Wannan ya kawo mu ga masu ɓanɓaro tsoho daga tsohuwar ambulan su sake mannawa. Ba sabon abu ba ne. Baƙin nan na farko, jan hatimi ake buga masa, mutane suka gano ana iya wanke jan. Shekara guda kawai, a 1841, aka mayar da kan sarkin ja, hatimin baƙi. Tun ran gini tun ran zane. Malamai suna nan, su suka fi ni sanin hukunci, amma a sanina na ɗan kasuwa, shiga mota sau biyu da tikiti ɗaya cin haƙƙi ne, kuma doka ma ta hana. Yagagge da wanda mai ya ɓata, su ma a bar su.

Adireshi a tsakiya, da babban baƙi mai karantuwa: suna, lambar gida da titi ko lambar akwatin gidan waya, gari, jiha. Sai lambar yanki, wadda gidan waya ya ba kowane yanki, mai lambobi shida ce a ƙasar nan, Ikeja 100001, Kano 700001. Naka adireshin a baya ko a sama ta hagu, domin in ba a sami mai ita ba ta san hanyar gida. Takarda mai muhimmanci kuwa a yi mata rajista, a ba ka rasit mai lamba, ka adana har sai an ce maka ta isa. Tsabar kuɗi kada ta shiga ambulan, ko nawa ne.

'Yan kasuwa, na san kun saba da kan sarkin da ake manna wa rasit ko yarjejeniya a sa hannu a kansa. Wancan haraji ne na takarda. Da zarar biro ya hau kansa ya mutu, ba ya kai wasiƙa ko nan da Mushin.

Na'am, Hajiya? A ɗan miƙa mata abin magana. Tana cewa ta zo da kan sarki daga Saudiyya lokacin aikin Hajji, ko za ta iya aika wa 'yarta da ke Jidda wasiƙa da shi daga nan. A'a, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kan sarki a ƙasar da ta buga shi kaɗai yake aiki. Daga Legas, na Nijeriya za ki manna, ko ina za ta. Akwai ƙungiyar gidajen waya ta duniya da aka kafa a birnin Bern na Suwizalan a 1874, shekarar da Ikko ta sami kan sarkinta. Yarjejeniyarta ce ta sa kika biya a Agege, ma'aikacin Jidda ya kai wa 'yarki ba tare da ya nemi ko riyal ɗaya a hannunta ba. Na Saudiyyan ki ajiye, in Allah ya sake kai ki, sai ki aiko mana da shi daga can. Ko ki ba jikokinki, akwai masu tara su.

Ga ladan can ya fara. Wanda ya zo da ambulan, na ga mutum biyu riƙe da su, ku same ni a nan bayan Magariba mu duba tare.