Matakan Ciwon Dajin Taimus: Lacca ga Ma'aikatan Lafiya a Katsina

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Taimus wata 'yar gaɓa ce a bayan ƙashin ƙirji, gaban zuciya, inda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suke nuna tun ana yara, sannan ta riƙa motsewa bayan balaga. Ba kasafai daji yake kama ta ba, shi ya sa idan babba ya zo da tari da nauyin ƙirji, hankalinmu a nan yakan fara tafiya ga tarin fuka, sai hoton ƙirji ko na CT ya nuna ƙari a tsakiya.

Tambayar da likitan tiyata zai fara yi ita ce: ƙarin ya tsallake tantanin da ya lulluɓe shi, ko yana ciki? A kan wannan likitan Japan Akira Masaoka ya gina tsarinsa na matakan ciwon a 1981, wani likitan Japan mai suna Koga ya yi masa gyara a 1994. A mataki na ɗaya ƙarin yana rufe ruf cikin tantaninsa. A na biyu ya huda shi ya shiga kitsen da ke kewaye, wani lokaci hudar ba ta ganuwa sai a ɗakin gwaji, don haka sau da yawa ba a tabbatar da mataki sai bayan an yi aiki. A na uku ya kama maƙwabta, wato huhu, ko jakar zuciya, ko manyan hanyoyin jini. Na huɗu kuwa ya warwatsu a tantanin huhu ko jakar zuciya, ko ya bi jini da kaluluwa ya yi nisa.

Wani tsarin na daban, wato TNM (mai duba ƙarin kansa, da kaluluwa, da yaɗuwarsa), a bugu na 8 ya haɗe mafi yawan na ɗaya da na biyu wuri guda, saboda haka idan kuka ga “mataki na biyu” a takardar majiyyaci, ku bincika tsarin da aka bi kafin ku yi wa iyalansa bayani.

A ganina, abin da ya fi lambar mataki nauyi shi ne ko an ciro ƙarin ɗungurungum, domin idan an bar saura sai an bi da gashi (wato ƙona sauran ƙarin da hasken na'ura) ko kemo (wato magungunan kashe ƙwayoyin daji). Sannan ku lura da wanda fatar idonsa ke saukowa da yamma, ko tauna ke gajiyar da shi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ƙari suna da cutar raunin tsoka ta mayasteniya, kuma dole a shawo kanta kafin a kai shi ɗakin tiyata.