Likitan ƙwaƙwalwa da ke koyarwa, yake bincike, yake riƙe ofis: yaya ake kai wa nan?

Assalamu alaikum jama'a, na Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusseri. Bidiyon yau na ɗalibai ne masu sha'awar likitanci, da iyayen da za su ɗauki nauyinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankin Afirka, kusan likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne, wato mai kula da taɓin hankali, ga mutum miliyan guda. A nan Kamaru kuwa, manyan sassan kula da taɓin hankali da aka fi sani suna asibitin Jamot a Yawunde da asibitin Laquintinie a Duwala. Ku tuna nisan Yawunde daga Marwa. Sannan ku tuna abin da ke gabanmu a arewa: sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo domin waɗanda suka gudo daga rikicin Boko Haram, matan da suka ga abin da baki ba ya iya faɗa, da samarin da tramol ya cinye.

Likita ɗaya, ko da bai yi barci ba, mutum nawa zai duba a rana? Shi ya sa nake ganin likitan da ya shiga jami'a yana koyarwa, yana bincike, yana zama a ofishin tsara aiki, bai gudu daga marasa lafiya ba. Hannunsa ne yake ƙara wa tsawo.

Hanyar tana da nisa, ba zan ɓoye muku ba. Bayan bak, wato jarrabawar gama sakandare, sai konkur, jarrabawar gasa ta shiga makarantar likitanci. Yawunde ce uwa, tun 1969 take horar da likitoci, amma yanzu akwai tsangayar likitanci a Garwa, abin da yayyenmu ba su samu ba. Shekara 7 ne, a rufe da kundin bincike. Daga nan sai ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa, shekara 4, a Yawunde ko a birane irin su Dakar da Abijan.

Wanda ya zaɓi jami'a yakan fara a matsayin mataimakin malami, ya riƙa hawa har farfesa. Hawan ba da yawan shekaru kaɗai ake yinsa ba: sai an ga abin da ka wallafa a mujallun ilimi da ɗaliban da ka yaye. A ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968, hedkwatarta a Wagadugu, kuma Kamaru da Cadi duk suna ciki. Ita ke shirya jarrabawar agregasiyon, ta hawa sahun manyan malaman jami'a, duk bayan shekara 2. Mutum zai tsaya gaban manyan farfesoshi na ƙasashe daban-daban ya kare ayyukansa, ya ba da darasi, a kuma kai shi gaban mara lafiya a ga yadda zai duba shi.

To, binciken nan, me ake yi a cikinsa? Nan ne nake so ku saurara sosai, domin da yawa suna zaton aikin gilashi da na'ura ne kawai.

A 1954 wani likita ɗan Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga Ingila ya kama aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle mara lafiya a asibiti, sai ya shirya da ƙauyukan da ke kewaye: mara lafiya ya sauka a gidan mutane tare da wani ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti a yi masa magani. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A Dakar, asibitin Fann ya bi hanya mai kama da wannan a zamanin Henri Collomb, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, har suka kafa mujallarsu a 1965.

Wannan tunani bai mutu ba. A 2020 mujallar Lancet ta buga binciken Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan da Kumasi. Sun sa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna duba masu taɓin hankali a can, suna ba da magani. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi. Ku kawo maganar gida. Idan yaro ya fara surutai, wa ake fara kira? Malam, a yi ruƙiyya, a ba da rubutu. Ina amfanin likita ya yi kamar bai san da haka ba? Tambayar ita ce yadda malam da likita za su haɗa hannu, mara lafiya ya samu magani da wuri, a daina ɗaure shi da mari. Wanda zai iya wannan bincike a Garwa shi ne wanda yake jin Hausa da Fulatanci, ya san yadda ake sallama a zaure, wanda tsohuwa za ta yarda ta gaya masa abin da ke damun jikarta. Irinku ke nan, ƙannena. Musamman 'yan mata, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da likita ne.

Amma bincike a kan mutane amana ne. Kafin a yi wa kowa tambaya ɗaya, sai kwamitin ɗa'a ya amince, sai mutum ya yarda da kansa, sai an rufa masa asiri.

Saura aikin ofis, wanda matasa suka fi rainawa. Shugaban sashe ne ke neman gadaje da ma'aikata, yake tabbatar magani bai yanke ba. A ma'aikatar lafiya da ke Yawunde akwai ofishi na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin a koya wa nas-nas da likitocin da ba ƙwararru ba gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali. Wani ne zai tsara horon, ya nemo kuɗi, ya bi sawu daga gunduma zuwa gunduma. Lambo kansa ya shugabanci Jami'ar Ibadan, daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Wahala akwai ta. Kuɗin bincike kaɗan ne, yawanci daga waje ake nemo shi, kuma dole ka iya Turanci bayan Faransanci, don manyan mujallu da shi suke bugawa. Za ka ji ana cewa likitan mahaukata, wataƙila har a cikin dangi. Iyaye, ku ne za ku tare wa yaranku wannan magana.

Idan kana makarantar likitanci yanzu, lokacin zaɓen kundin shekarar ƙarshe ka nemi malamin da zai yarda ka yi a kan abin da ke unguwarku: shan tramol, ko damuwar mata bayan haihuwa, ko jinkirin kai masu farfaɗiya asibiti. Ka je sashen ƙwaƙwalwa ka nemi a bar ka ka zauna a ga marasa lafiya tare da kai. Mai tambaya kan konkur ko kan ƙwarewa ya rubuto a ƙasan bidiyon, za mu amsa in sha Allahu.