Yadda za ku koya wa Baba ko Mama gyaran tsofaffin hotuna a waya

Ku ɗauka ga wani tsohon hoto a gabanku. Gefensa ya yage, layin lanƙwasa ya ratsa fuskar matar da ke zaune a tsakiya, launinsa kuma duk ya koma ja-ja. Yau za a gyara shi, amma wayar tana hannun mahaifinku ko mahaifiyarku, ku kuna gefe. Ku kun san waya, su kuma sun san mutanen da ke cikin hoton, kuma nan gaba kaɗan za ku ga inda saninsu ya fi naku amfani.

A fara da share ƙura da burushi mai laushi. Kada ruwa ya taɓa hoton. Idan ya manne da gilashin firam, kada a ɓamɓare shi, don fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauki hotonsa a haka, yana cikin gilashin.

In akwai na'urar sikanin, a saita ta a kan ɗigo 600 a kowane inci, musamman ga ƙananan hotuna da ake son a ƙara musu girma. Ɗigo 300 ya isa idan girmansa na asali za a sake bugawa. In babu na'urar, akwai manhajar PhotoScan da Google ta fitar a 2016. Tana nuna ɗigo huɗu a allo, mutum ya kai wayar kan kowanne, sai ta haɗa hotunan ta cire ƙyallin haske. Iyaye kan kama wannan da wuri, don kamar wasa yake. A zauna kusa da taga, a kashe filashi.

Kafin a taɓa komai, a yi kwafi, a ajiye na asali gefe guda. Hoton JPEG, wato nau'in fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi, yana rage inganci duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, don haka kwafin ake yi wa aiki.

To, ga wurin da ake samun matsala, kuma daga gare ku take zuwa. Mama za ta danna inda ba nan ba, hannunku zai fara ƙaiƙayi, ku ce "Kawo in yi miki." Da zarar kun karɓi wayar, darasi ya ƙare. Ku fara nuna mata maɓallin komawa baya, ta ɓata hoton da gangan, ta dawo da shi sau biyu ko uku. Yawancin tsoron da manya ke yi wa waya tsoron lalata abu ne, in suka ga ana iya dawowa sai hannu ya saki. Ku ƙara girman rubutun wayar, ku bar ta ta rubuta matakan a takarda da kalmominta. Abu ɗaya a zama ɗaya ya isa.

A manhajar Snapseed, wadda kyauta ce, a miƙar da hoton, a yanke gefen da ya yage. Sai maɓallin Healing, mai goge tabo: a zuƙo hoton sosai, a riƙa ɗan taɓa tabon da yatsa. Taɓawa, ban da gogawa, in ba haka ba kunne zai iya narkewa cikin bango.

Jan launin nan kuwa yana da dalili. Hoto mai kala yana ɗauke da rini iri uku, kuma a hotuna da yawa na shekarun 1970 da 1980 rinin shuɗi mai ɗan kore ne ke fara dusashewa, sai ja ya rinjaya. A White Balance, wato wurin daidaita launi a Snapseed, akwai alama mai kamar abin ɗiga magani. Ana ɗora ta a kan abin da asalinsa fari ne, sauran launuka su daidaita. Wa ya san abin da yake fari a ranar? Ku tambaya: "Baba, rigar nan fara ce?"

Sai manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu fito da fuska tas cikin daƙiƙu. Abin burgewa ne, amma ku sani cewa hasashe suke yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai. Suna iya toshe wushirya, su goge tabo, su siranta hanci. Ku da ba ku taɓa ganin kakar ba za ku ce ya yi kyau, Mama kuwa kallo ɗaya za ta yi ta ce, "Wannan ba idon mahaifiyata ba ne." Maganarta ake bi. Haka ma sanya wa baƙi da fari kala, duk kintace ne.

In an gama, a juya hoton a ɗauki bayansa, sau da yawa akwai suna ko shekara a rubuce. A sa wa fayil ɗin sunayen mutanen, a ajiye kwafi a wurare biyu ban da wayar. Wajen tura wa 'yan'uwa a WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa kyau. Kuma yayin da Baba ke lissafo wane ne wane, ku kunna rikoda.