Darasin siginal a Linux: kafin ka buga kill -9 tsaya tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka, daga nan Jidda nake magana, ku yi haƙuri da ƙarar mukayyif ɗin nan, wato AC, in na kashe shi zafi ba zai bar ni in ƙarasa bidiyon ba. Yalla mu fara.

Kun ga wannan ɗan shirin da na rubuta da C, ba abin da yake yi sai ƙirga yana zubawa cikin fayil. Bari in danna Ctrl da C. To ya mutu. Da yawa suna ɗauka kibod ne ya kashe shi, a'a, kanel ce, wato zuciyar Linux, ta ga an danna ta aika wa furoses ɗin, wato shirin da ke gudana, wani ɗan saƙo da ake kira siginal, mai suna SIGINT, lambarsa 2, shi kuma tunda bai yi shirin tarba ba sai aka yi masa abin da aka saba wato kisa. Ku buga echo da alamar dala da alamar tambaya don ganin lambar da shirin ya fita da ita, kun ga 130? Wato 128 aka tara da 2. Duk ranar da kuka ga 137 ku san lamba 9 ce ta ci shi, 143 kuma 15.

Waɗannan biyun, 15 da 9, su ne dalilin darasin yau. Ka je baƙalar unguwarku ana kiran Magariba, mai shago ba ya tura ka waje da madara a hannu, sai ya karɓi kuɗinsa ya ba ka canji sannan ya ja ƙofa. SIGTERM kenan, lamba 15, shi kill, umarnin aika siginal, take aikawa in ba ka sa mata lamba ba, ana ce wa shirin malam tattara kayanka. Shi kuwa SIGKILL, lamba 9, furoses ɗin ma ba ya jin zuwansa, kanel ce ke cire shi kawai, ba a tarbarsa ba a toshe shi, shi da SIGSTOP.

Ni sai da na ji a jikina. Wani Ramadan na yi wa wani bawan Allah mai motocin Umra tsakanin Jidda da Makka ɗan shiri mai ajiye sunayen fasinja, abu ya ɗan cije da dare ni kuma ga barci ga sahur ya matso, ban yi wata-wata ba na buga kill -9. Na buɗe fayil, sunayen ƙarshe babu su, layin ƙarshe ma rabin suna ne. Saboda fprintf, fonkshin ɗin C mai rubutu cikin fayil, ba ta rubutawa nan take, tara bayanan take yi a memori sai sun yi yawa ko an rufe fayil. Ranar da takarda da biro muka bi mutane. Ku duba ma manyan kayan aiki, systemd, mai kunnawa da tsayar da shirye-shirye a Linux, sai ta aika SIGTERM ta jira daƙiƙa 90 kafin ta kai ga 9, docker stop, umarnin tsayar da shirin da ke cikin Docker, daƙiƙa 10 yake jira, ni kuwa ko ɗaya ban jira ba.

To yanzu mu sa wa shirinmu mai tarba, wato fonkshin da za a kira in siginal ya zo. Ku yi amfani da sigaction wajen ɗora shi, ku bar tsohuwar fonkshin ɗin nan mai suna signal, don a wasu tsofaffin Unix tana tarbar siginal sau ɗaya ne ta koma yadda take, na biyu ya zo ya kashe ka, a BSD, wani reshen Unix, kuma ba haka ba, wannan ruɗanin POSIX, ƙa'idar bai ɗaya ta Unix, ta zo ta daidaita tun 1988.

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, ku ba ni hankalinku. Fonkshin ɗin nan mai tarba ba ka san lokacin da za a kira shi ba, yana iya faɗowa shirinka na tsakiyar malloc, mai ba da memori, ya riƙe makullin da ke hana wani shiga har ya gama, kai kuma a cikin mai tarbar ka sa printf don ka ga ko yana aiki, printf ta nemi makullin da ke hannun wanda ta katse, shi ba zai saki ba sai ta gama, ita ba za ta gama ba sai ya saki. Khalas, sun tsaya. Abin haushin ma sau dubu za ka gwada a laftof ɗinka lafiya lau, sai ranar da yake kan saba, wato server, mutane na jira. In dole sai ka rubuta wani abu to write ce aka yarda da ita.

Ni dai nawa layi ɗaya ne, ku gani. A sama na yi ma'ajin lamba nau'in volatile sig_atomic_t na sa masa suna tsaya, mai tarba ya mayar da shi 1 ya fita abinsa. Can cikin babban zagayen ake duba tsaya, in ya zama 1 a rufe fayil a sallami kowa a fita. Bari in sake gwadawa, kill da lambar furoses, buɗe fayil, masha Allah ga layin ƙarshe cif.

Wani abu kuma, in siginal ya same ka kana jira cikin read, fonkshin ɗin karanta bayanai, tana iya dawo maka da -1, errno mai riƙe lambar kuskure ta nuna EINTR, ba lalacewa ba ce katse ka aka yi, ka duba tsaya sannan ka sake kira. Akwai SA_RESTART mai sake kiran da kanta amma in fita kake so kar ka sa ta, sai ka zauna cikin read ba ka duba tsaya ba.

Aikin gida, ku gwada sa mai tarba a kan SIGKILL ku ga abin da sigaction za ta dawo muku da shi, ku duba errno ɗin ma. Darasi na gaba SIGCHLD ne da 'ya'yan furoses da suka mutu ba a kwashe su ba. Ma'assalama.