Ihu, dariya da tsaki: yadda 'yan kallo ke karɓar fim ɗin tsoro mai ƙaramin kasafi da aka ciro daga littafin zane

An kashe fitilu a ɗakin sinima, fim ya ci minti 40. Kiɗa ya yi ƙasa, kyamara na rarrafawa zuwa wata ƙofa. Ƙofar ta buɗe, dodon ya fito fili. A layin gaba wata ta rufe fuska da tafin hannu. A tsakiya wasu samari sun kwashe da dariya. Can baya kuma wani ya ja tsaki, ya ce wa na kusa da shi, "A littafin ba haka yake ba."

Jama'a, waɗannan mutane abu ɗaya suka gani, amma ba abu ɗaya suka biya kuɗi su gani ba. Wanda ya yi tsakin ya karanta littafin, ya zo ne ya ga ko an riƙe amana. Samarin nan 'yan gida ne a finafinan tsoro, sun haddace dabarun, su abin da suke nema shi ne a zo musu da wadda ba su sani ba. Ita kuwa ta layin gaba tallan fim ɗin ta gani a waya, ta zo a razana ta na awa ɗaya da rabi ta koma. Fim mai kuɗi yana iya ba kowa rabonsa. Mai ƙaramin kasafi dole ya zaɓa, kuma yawancin rigimar da kuke gani a intanet bayan fim ya fito, daga wannan zaɓi take tasowa.

Mu fara da mai tsakin, domin kokensa ya fi na kowa tushe. A littafin zane, wato mai ba da labari da jerin hotuna a cikin akwatuna, mai karatu ne ke riƙe da lokaci. Ya ga dama ya tsaya kan hoto ɗaya na minti guda, ya ga dama ya wuce. Gwanayen masu zanen tsoro sun san haka, shi ya sa suke lissafa shafuka tun kafin su ɗora alƙalami. Sukan tara fargaba a ƙananan akwatunan hoto har zuwa na ƙarshe a ƙasan shafi, inda za ka ga fuskar mutum yana kallon wani abu da kai ba ka gani. Abin da yake kallo yana bayan takardar, a shafin da ido zai fara sauka a kai in an juya. Wato da hannunka za ka buɗo abin da zai firgita ka. Junji Ito na Japan ya yi suna da wannan dabara. Sannan akwai ɗan farin layin da ke raba akwati da akwati. A wannan akwati an ɗaga gatari, a na gaba an nuna rufin gida cikin dare da ƙara a rubuce. Ba a zana saran ba, ƙwaƙwalwar mai karatu ce ta yi shi, kuma kowa da irin munin da ya hango.

Fim ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Hotuna 24 yake jerowa a kowace daƙiƙa, ko ka shirya ko ba ka shirya ba. Dodon da mai zane ya ɓata kwana guda yana yi masa layuka da baƙin tawada, ya tsaya cak a takarda har abada, a fim dole ya motsa. Da zarar ya ɗaga ƙafa, idon ɗan Adam ya fara aikinsa: ya auna nauyinsa, ya duba inda fata ke lanƙwashewa a gwiwa, ya gane mutum ne a ciki. Shi ya sa kwafar akwatunan littafi ɗaya bayan ɗaya, abin da masoya littafin ke cewa suna so, sau da yawa shi ke kashe tsoron. Hoton ya fito daidai da na littafi, amma juya shafin ya ɓace. Daraktan da ya san aikinsa ba hoton yake kwafa ba, wata hanya yake nema ta mayar wa mai kallo da wannan jiran: kyamara ta juya a hankali kamar ana buɗe shafi, ko a bar abin a gefen hoto, a ɗan dushe, har sai ido ya gano shi da kansa.

Ga kuma tsawon labari. Fitowa ɗaya ta littafin zane irin na Amurka shafi 20 ne zuwa 22. Labarin fitowa uku, in aka ɗauke shi yadda yake, da ƙyar ya cika awa guda. Dole a ƙara mutane da hira da wani reshen labari. Labarin fitowa 30 kuma dole a yanke. Ta kowane ɓangare mai tsaki zai sami abin yi wa tsaki.

To ina ƙarancin kuɗi ke nunawa? Ba a inda mutane ke zato ba. Jini abu ne mai arha, ruwan sukari mai kauri ne da launin abinci. Abin da ke da tsada lokaci ne. Ƙaramin fim kan ɗauki mako uku zuwa huɗu ana ɗauka, babba kuwa watanni. Manna wa ɗan wasa fuskar roba na cin awa uku zuwa huɗu kowace safiya, kuma irin robar nan mai laushi kamar soso, in aka ɓamɓare ta da yamma gefenta ya lalace, gobe sai sabuwa. Fitowar da aka fesa jini a bango da tufafi, maimaita ta na nufin wanke wuri da sauya kaya, a ƙalla awa guda ta tafi. Saboda haka ana yinta sau ɗaya ko biyu, abin da aka samu da shi za a tafi. A 1981, lokacin da darakta Wes Craven ya ɗauki fim ɗin Swamp Thing a fadamun jihar Karolina ta Kudu, ruwan fadamar ya riƙa cin rigar robar dodon, ana ɗauka ana faci. Har yau in ana hirar fim ɗin, rigar ake fara ambata.

Zane da kwamfuta ma ba mafita ba ne, domin kowace fitowar dodon a allo da farashinta. In kuɗin sun isa fitowa 30 masu kyau, aka raba su kan 100, duka 100 ɗin za su fito kamar wasan kwamfuta na da. Nan ne fim ɗin da aka ciro daga littafi ke shiga tsaka mai wuya. Maganin rashin kuɗi a finafinan tsoro sananne ne: ɓoye dodon, nuna inuwarsa, nuna hannunsa, bar sauran ga sauti. Amma wannan dodon yana kan bangon littafi, yana kan fosta, masoyansa sun san yawan haƙoransa. In ka ɓoye shi su ce an cuce su, in ka haska shi samarin tsakiya su yi dariya.

Kwatanci kuma na ƙara dagula lamarin. Hellboy: The Crooked Man ya fito a 2024 da kasafin kusan dala miliyan 20, aka ɗauke shi a Bulgeriya. Mike Mignola, mai littafin, yana cikin marubutan fim ɗin, kuma labarin ya bi fitowa uku na 2008 da Richard Corben ya zana, kusa da kusa. A ma'aunin amana, bai yi laifi ba. Sai dai jama'a na ɗauke da hoton finafinan Hellboy da Guillermo del Toro ya yi a 2004 da 2008 a kai, waɗanda kowannensu ya ci aƙalla ninki uku na wannan kuɗi. Tun daga tallan farko aka fara cewa kamar masoya ne suka haɗa shi a bayan gida. An yanke masa hukunci da ma'aunin fim ɗin faɗa mai kashe kuɗi, alhali shi ƙaramin labarin mayu ne a tsaunukan Apalachiya.

Mu koma kan dariya, don ba duka ce illa ba. Masu shirya fim da ke zama a bayan ɗaki ranar gwaji lokacinta suke saurara. Dariyar da ta zo bayan ihu, da daƙiƙa biyu ko uku, ta sakin numfashi ce, mutum na yi wa kansa dariya don ya zabura. Wannan riba ce. Wadda ta zo a daidai lokacin da dodo ya bayyana, ko a tsakiyar maganar da aka rubuta don ta sa kuka, ita ce matsala, kuma tana yaɗuwa. Mutum biyar sun isa su sauya wa ɗaki mai mutum 200 yanayi, daga nan har ƙarshen fim kowa aibu yake nema. Sauran alamun a jiki suke: hasken wayoyi ya fara tashi, kujeru na ƙara, ana fita bayan gida a tsakiyar fim. Shiru na gaske, wanda ko ledar abin taunawa ba a ji, shi ne mafi tsada. Bayan an gama a raba takardar tambayoyi, a tara waɗanda suka ce "ya yi matuƙar kyau" da masu "ya yi kyau sosai", a duba nawa suka ce lalle za su ba wani shawarar ya kalla. Gyaran da ƙaramin fim ke iya yi bayan haka kaɗan ne, don babu kuɗin sake ɗauka. Sai dai a datse daƙiƙoƙin da dodo ya daɗe a fili, a ƙara duhu a hoton, a sake aikin sauti.

Yanzu makin da kuke gani. Kamfanin CinemaScore na tambayar mutanen da suka shiga kallo a daren farko a wasu biranen Amurka, su ba da maki daga A+ zuwa F, kuma finafinan da aka saki a sinimomi da yawa kawai ake yi wa. Finafinan tsoro galibi a ƙasa suke, domin wanda aka tayar wa hankali ba ya fitowa yana raba A. Makin B a nan abin murna ne, C ba mutuwa ba ce. Makin ba kyan fim yake aunawa ba, tazarar da ke tsakanin abin da talla ta yi alkawari da abin da aka tarar yake aunawa. The Devil Inside na 2012, wanda ba daga littafi aka ciro shi ba amma misalinsa ya dace, an yi shi da kusan dala miliyan 1, ya tara sama da miliyan 33 a ƙarshen makon farko. Sai fim ɗin ya yanke ba zato, aka rubuta adireshin intanet a allo wai a je can a ga sauran. Ya sami F, kuma a mako na biyu cinikinsa ya faɗi da kashi 76 cikin 100. Faɗuwar rabi ko sama da haka kaɗan al'ada ce ga finafinan tsoro, wannan kuwa bakin mutane ne ya yi aiki.

A Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tara ra'ayoyi kan finafinai, lamba biyu ce. Ta masu sharhi ba matsakaicin maki ba ce, kason waɗanda suka ce fim ɗin ya yi ne, ko da da ƙyar suka faɗa, kuma daga kashi 60 ake kiransa mai kyau. Ta 'yan kallo kason waɗanda suka ba da tauraro 3.5 zuwa sama ne. Tun 2019 shafin ke ware waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Ga ƙaramin fim, ku duba yawan masu ƙuri'ar kafin ku dubi kason. In mutum 80 ne, kuma rabinsu masoya littafin ne da suka zo da fushi ko da zumuɗi a makon farko, lambar ba ta ce komai ba tukuna. Karanta abin da suka rubuta ya fi amfani. "Sun canza ƙarshen" koken mai littafi ne. "Babu abin da ya faru sai minti 20 na ƙarshe" koken wanda talla ta ruɗa ne. "Ban ga komai ba, duhu ya yi yawa" kuwa sau da yawa ba laifin fim ɗin ba ne.

Wannan na ƙarshen na bukatar bayani, tunda galibin ƙananan finafinan nan a gida ake kallonsu. An daidaita launinsu ne don ɗaki mai duhu ƙirin. In aka matse fim don ya bi ta intanet, wuraren duhu ne ke fara asara, inuwa mai hawa-hawa ta koma baƙaƙen tabo masu murabba'i. Fuskar da darakta ya ɓoye a lungun ɗaki don ka gano ta a daƙiƙa ta biyar, ta narke cikin tabon. Rugugin nan na ƙasa-ƙasa da ke sa ƙirji nauyi a sinima kuma lasifikar waya ba ta iya fitar da shi sam. Mutum ya kalla da rana, taga a buɗe, ya rubuta cewa fim ɗin ba tsoro. Rabin fim ɗin ya gani.

Wani lokaci kuma gidan ne ke ceton fim. The Empty Man, daga littafin Cullen Bunn, David Prior ya ba da umarni, kasafinsa kusan dala miliyan 16. An sake shi a Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ta kwashe mutane daga sinima, da tallar da ta nuna shi kamar labarin matasa masu kiran fatalwa a kan gada. Waɗanda suka shiga sai suka tarar da fim na minti 137, wanda ya buɗe da sama da minti 20 a tsaunukan ƙasar Butan kafin ma a ga jarumin, kuma bai bi littafin sosai ba. Ya saɓa wa mai littafi, ya saɓa wa mai neman razana. Ya sami D+, cinikinsa bai kai dala miliyan 5 ba. Bayan 'yan watanni da ya sauka a intanet, wasu mutane daban suka same shi, waɗanda ba su ga tallar ba, aboki ne ya ce musu fim ne mai tafiyar hawainiya, su kashe fitila su sa abin sauraro a kunne. Ba a sauya ko daƙiƙa ɗaya a cikinsa ba, amma a wajen waɗannan, buɗewar nan ta Butan da aka yi ta ƙorafi a kanta ita ce suke turawa juna suna cewa a fara da ita.