Darasi: Wane Lens Za Ka Saya Wa Midiyom Fomat, Na Fuska Da Na Cikin Ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan Agege. In kun ji ƙarar janareto ku yi haƙuri, na maƙwabta ne.

To, ga GFX ɗina a kan tebur, kyamarar Fujifilm ce ta midiyom fomat, wato mai babbar sensa, farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara. Masu Hasselblad X ku ma ku zauna, girman sensar ɗaya ne, milimita 44 da 33, lissafin duk ɗaya. Saitin kyamara ba zan taɓa shi ba yau, wanda ya kai ga sayen wannan ya wuce nan.

Lissafin nan dai sai na nanata shi, domin a nan ake ruɗewa. Lambar milimita da ke jikin lens, ka ninka ta da 0.79, shi ne zai ba ka abin da idonka ya saba gani a ful-firem, wato kyamarar da sensarta girman fim ɗin 35mm ce, ba ta kai ta midiyom fomat ba. 110 ya zama 87 kenan. 80 ya zama 63, shi kuma 63 ya koma 50. Kun ga inda ruɗanin yake ko? Mutum ya ji ana cewa 80, ya ɗauka irin 85 ɗinsa ne na Canon, ya biya kuɗi, ya ɗora, sai ya tarar ya fi faɗi. In 0.79 ya yi maka wuya, ka cire kashi ɗaya cikin biyar kawai. Sannan hoton nan 4:3 yake fita, ya fi na ful-firem tsayi, don haka ko lissafin ya yi daidai za ka ga sarari ya ƙaru sama da ƙasa.

Ƙanena, miƙo min 110 ɗin. A'a, wancan 120 ne na makro, na ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, ɗayan. Yauwa.

Wannan GF 110 f/2 shi ne sarki a hoton fuska, ba na jayayya da kowa. Amma kafin ka saya, ɗauki tef ka auna sutudiyonka. In kana son amarya ta fito tun daga ɗaurin kai har takalmi, kyamara a tsaye, kana buƙatar kusan mita biyar tsakaninka da ita, ban da tazarar da za ka bari tsakaninta da labulen baya. Wa ke da wannan filin a Legas, da kuɗin hayar nan? Shagon yawancinmu, taku uku ka yi baya ka daki bango. Da 80 f/1.7 kuwa mita uku da rabi ya ishe ka. Shi ya sa ni 80 nake cewa a fara saya, 110 ya jira ranar da ka samu aikin waje ko babban zauren biki. Ga nauyi kuma, 110 ɗin kilo guda ne cur, ka riƙe shi daga kamu har dina ka ji yadda wuyan hannu zai gaya maka.

Ku dubi allon nan. Na buɗe ƙofar hasken 110 ɗin har ƙarshe, wato f/2, na matso. Idon dama garau, na hagu ya riga ya narke. In kuma amarya ta sa gashin ido na kanti, fokos sai ya kama bakin gashin ya bar ƙwayar idon. Bari in rufe zuwa f/2.8... a'a, mu je f/4, ta ɗan karkata kai. To kun gani, bayan har yanzu a narke yake, amma zanen lalle da aikin leshi sun fito. Megafiksel 102 ba ya rufa wa kowa asiri, har inda hoda ta tsaya zai nuna, don haka ku yi magana da mai kwalliya tun da wuri.

Masu filasha a rana, saurin shatar GFX, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a ɗauki hoto, a 1/125 na daƙiƙa yake tsayawa in ka haɗa da filasha. Lens ɗin Hasselblad shatarsu a cikinsu take, suna kaiwa 1/2000. In aikinka bakin ruwa ne da tsakar rana, wannan kaɗai zai iya sa ka canza shawara.

Sai cikin ɗaki. Masu gidajen haya na kwana-kwana a Lekki da Ikoyi abu ɗaya suke so, falo ya yi girma. GF 23 f/4, wato 18 a ful-firem, zai yi maka wannan, sai dai kujerar da ke gefe za ta miƙe ta yi tsawon da ba nata ba, baƙo ya zo ya ce an yaudare shi. Ni na fi son 30, kusan 24 kenan.

Babban abin shi ne bango ya tsaya a miƙe. Kyamara a kan ƙafarta, daidai ƙirji, ka kunna ma'aunin da ke allo har layin ya zama kore. Da ka ɗaga hancinta sama don silin ya shigo, bangon zai fara haɗuwa ta sama, ɗaki ya yi kamar zai faɗi. Kada ka ɗaga. A nan GF 30 f/5.6 T/S da ya fito a 2023, lens ɗin da ake iya gusar da gilashinsa ko a karkata shi, yake cin kuɗinsa: kyamara tana nan daram, sai ka sassauta makullin nan, ka murɗa, gilashin ya hau sama, har milimita 15 yake tafiya. Kun ga fitilar silin ta shigo, ƙofa kuma ba ta karkace ba. Fokos da hannu ne, ka zuƙo allon ka duba, f/8 ko f/11. In ba ka da kuɗinsa, sa lens ɗin zum na 20-35 ka ɗauka da faɗi, ka gyara a kwamfuta ka yanke, fiksel ɗin sun isa.

Af, in za ka sayi na hannu, a Computer Village ko a wajen wani, haska tocilar waya ta bayan gilashin. Danshin Legas yana sa fumfuna ta tsiro a ciki, za ka ga zare-zare farare. In ka gani, ajiye. Naka kuma kada ya kwana a jaka da damina, sa shi a akwatin busarwa.

  Darasi na gaba haske ne a ɗaki mai taga ɗaya. Ƙanena, kashe.